Gwangwani Huɗu da Hannun Mami

Salama gare ku, ku da kuke bin labarin nan tun farko, da ku da yau kuka faɗo cikinsa. Na yi kwana tara ban rubuta komai ba, har wasu sun turo suna tambaya ko an ɗaura ne na ɓoye. Ba a ɗaura ba. Abin da ya faru shi zan faɗa, ku yi haƙuri da ni, ban iya sauri ba, ko a magana ko a rubutu.

Ga sababbin zuwa, sunana Maliki. Ina aiki a wani ɗan shago bayan kasuwar katako ta Dei-Dei, wurin Madam Lucia 'yar Pankshin. Sabulun ruwa muke haɗawa muna kai wa gidajen abinci da masu wankin mota, kuma yanzu da ake ta gine-gine a garin nan, alhamdulillahi, aiki ba ya yankewa. Karatuna a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya. Wadda nake so kuwa, Kauthar, tana shekarar ƙarshe a jami'a a Gwagwalada, ilimin sinadarai take karantawa, irin wanda mahaifinta ya karanta kafin ya kama aikin gwamnatin tarayya. Gidansu a Gwarinpa yake. Shekara ɗaya da wata biyar ina zuwa gidan nan, ban taɓa wuce rumfar ajiye mota ba. Mahaifiyarta, Mami suke ce mata, ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba. In na gaishe ta takan amsa, har ta tambayi aiki, amma idonta yana kan takalmina.

Da aka sa bikin Anty Maimunat, yayar Kauthar, sai aka zo maganar abin da za a raba wa mata ranar yini. Kauthar ta dage a kan sabulun ruwa, ta ce roba da mafici kowa ya gaji da su. Ta yi sati biyu tana bin Mami kafin a yarda a ba ni aikin. Kwalba ɗari biyu, ƙanana, ruwan hoda kalar ankon, da sitikar sunan ango da amarya a jiki.

Ranar da ta faɗa mini, muna tsaye jikin motar Abbanta, ta rage murya ta ce, "Abba ya ce in an gama biki zai ba ka lokaci ku zauna, ya ji ko za ka turo manyanka. Amma ka san Abba, sai ya ji ta bakin Mami tukuna. Ka yi sabulun nan ya yi kyau, Maliki."

Na ce mata in dai sabulu ne ta kwantar da hankalinta. Abin da na iya ke nan a duniya.

Bari in ɗan yi muku bayanin aikin, don ku gane inda na faɗi. Abu biyu ne uwar sabulun. Akwai asid, wanda muke kira salfonik, baƙi-baƙi ne mai kauri kamar zuma. Akwai kuma kostik, fari. Kowanne shi kaɗai yana cin fata. In aka haɗa su daidai sai su kashe kaifin juna, su zama sabulu. Sauran kayan da muke zubawa na kauri ne da ƙamshi da kala. Awon Madam kuwa ɗaya ne tun ranar da na fara aiki: lita huɗu na asid, gwangwanin madara huɗu na kostik, a cika a shafe bakin. Shekara huɗu ina yin haka, ko a mafarki ba na kuskure shi.

A satin ne aka yi wa Madam rasuwa a gida, ta tafi Pankshin ta bar mini shago. Kostik ɗinmu ya kusa ƙarewa, na je saye. Irin wanda muka saba, mai fale-fale kamar ɓawon kifi, babu. Mai shagon ya nuna mini wani buhu mai ƙananan ƙwayoyi kamar gero, ya ce abu ɗaya ne, wannan ma ya fi saurin narkewa. Kuma bai yi mini ƙarya ba, abu ɗaya ne. Na saya.

Ranar Asabar na haɗa. Na sa safar hannu ta roba kamar kullum, na auna gwangwani huɗu, na shafe bakinsu da kyau, har da ɗan bismillah a kan kowanne. Ya yi kauri, ya yi kumfa, ƙamshin lemon tsami ya cika shago. Kwana biyu na yi ina ɗurawa a kwalabe. Sitika kuwa da zare nake ja layi don kada wata ta karkace. Abin da ya rage na zuba a jarka mai lita biyar, na sa shaddata ruwan sama, na kai gidan ranar Litinin na ce a ba Mami, na amfanin gida ne, kyauta.

Talata da yamma ina jera kwalabe a kwali saƙon Kauthar ya shigo.

"Me ka zuba a sabulun nan?"

Na yi murmushi, na zaci ƙamshin ne. Na rubuta, "Lemon tsami. Ya yi?"

"Hannun Mami ya ƙone."

Na kira nan take. Ta ɗauka tana magana ƙasa-ƙasa. Wai Mami ta fito da kwanukanta na tangaran, waɗanda ba ta bari kowa ya taɓa, ta zauna tun hantsi har la'asar tana wanke su da kanta saboda baƙi. Da sabuluna. Tun tana yi take jin zafi-zafi, ta ɗauka daɗewa a ruwa ne. Da ta tashi hannun ya yi jajir, tsakanin yatsu ya tsattsage, fatar ta fara salewa. An kai ta an ba ta man shafawa. Mai ƙunshi da za ta zo ranar Alhamis ta ga hoton hannun a waya, ta ce ita ba za ta ɗora lalle a kai ba.

Uwar amarya, bikin 'yarta ta fari, babu lalle. Ku da kuke mata kun fi ni sanin nauyin wannan.

Na ce, "Kauthar, wallahi yadda na saba na yi."

"Nawa ka sa kostik?"

"Gwangwani huɗu."

"Nauyinsa nake tambaya."

"Gwangwani huɗu ne, a shafe."

"Maliki, gwangwani ba nauyi ba ne. Giram nawa?"

Ban taɓa ɗora kostik a sikeli ba tun da nake. Can bayanta na jiyo muryar Mami, ba da faɗa ba, a hankali ma take magana: "Ki gaya masa kada ya kawo ko kwalba ɗaya. Ni na ƙone ya isa, ba zan ƙona matan mutane ba."

Ta kashe wayar. Bayan minti goma sai ga saƙo mai tsawo, har ya rabu gida uku a 'yar wayata. Haruffan Turanci da ƙananan lambobi, da kibiya a tsakiya, da wata kalma wai mol, sau biyar na ƙirga ta. A ƙarshe ta rubuta, "Ka gane?"

Na karanta sau shida. Na juya wayar ma, kamar hakan zai taimaka. Ba na son in ɓoye muku, raina ya ɓaci. Ba da ita ba, da kaina, amma ita na huce wa. Na rubuta, "Ni ban je jami'a ba. Shekara huɗu ina yin sabulu ba da mol ba, bai taɓa ƙona kowa ba. Ƙila fatar Mami ce ba ta son sa."

Da na tura na so a ce ana iya bin saƙo a kamo shi. Ba ta amsa ba. Na sake turawa, "Yi haƙuri." Shiru. Na zauna a kan duro ina kallon kwali goma da na jera, kowanne da kwalba ashirin, sitika a miƙe kamar an auna da ma'auni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san me zan ce na yi ba. In mutum ya san laifinsa ai yakan ba da haƙuri a kansa. Ni kuwa na bi awon tiryan-tiryan, kuma ga hannun baiwar Allah a ƙone.

Laraba da safe Madam ta dawo, da ƙullin acca da ta kawo mini tsaraba. Ban bari ta zauna ba na zayyana mata. Ta buɗe kwalba ɗaya, ta ɗiga a yatsa ta murza, ta daɗe tana murzawa. Sai ta tafi da sauri ta wanke a bokiti.

"Maliki, wannan ai ba na kwano ba ne, na wanke gota ne. Ba ka ji santsin ya yi yawa ba?"

"Da safa na yi aiki, Madam."

"Da safa. To surukarka da me ta yi aiki?"

A nan na gane cewa duk shekarun nan, in na gama haɗi, Madam takan zo ta ɗiga a yatsa ta murza ta wuce. Ni na ɗauka sabo ne kawai irin na manya. Ashe gwaji take yi.

"Amma gwangwani huɗu na sa," na ce.

"Na ji. In ka ƙara cewa gwangwani huɗu zan kifa maka shi a ka."

Muna cikin haka keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa. Kauthar ce, cikin atamfa ruwan ƙasa da mayafi baƙi, ba kwalliya, idonta ya nuna ba ta yi barcin kirki ba. A hannu ɗaya jarkar da na kai, saura kaɗan a cike take. A ɗayan kuma jaka. Ta gaishe da Madam har ƙasa. Ni ko kallona ba ta yi ba. Ta ciro ɗan sikelin da suke auna fulawa in za su yi kek, da littafi, da wata 'yar takarda siririya ruwan ɗorawa a cikin kwali.

Ta yagi takardar ta tsoma a sabulun. Nan take ta koma shuɗi mai duhu. Ta kara ta jikin kwalin, inda aka jera kaloli da lambobi.

"Sabulun da za a sa hannu a ciki, kore ya kamata ya nuna, wajen bakwai ko takwas. Naka sha uku."

Madam ta ce, "Sha uku ɗin yana da yawa ne?"

"Sha huɗu ne ƙarshe, Madam."

Sai Kauthar ta ce in kawo gwangwanin da kostik ɗin. Na kawo sabon buhun. Madam ta leƙa ciki ta ce, "Wannan kuma daga ina? Ina mai ɓawon kifi?" Na yi mata bayani. Kauthar ta tambaya ko akwai sauran tsohon. Akwai ɗan ragowa a gindin buhu, na kakkaɓo shi, da kyar ya cika gwangwani. Na shafe baki, ta ɗora a sikeli bayan ta cire nauyin gwangwanin.

"Ɗari da talatin."

Na juye, na cika da sabon, na shafe baki daidai yadda na yi wa na farko. Ta ɗora.

"Ɗari da tamanin da biyar."

Na ce sikelin ne. Ta ce in sake. Na sake da hannuna, sau biyu. Ɗari da tamanin da biyar. Gwangwani ɗaya, cika ɗaya. Na tsaya ina kallon su, sai na ga abin da ido ma zai iya gani da na kula. Mai fale-fale in ka zuba shi yakan tokare juna ya bar iska a tsakani. Mai ƙwayar gero kuwa zama yake yi dam, babu wurin da ya bari.

Madam ta zauna a kan benci ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki. Ashe iska nake aunawa tare da kaya."

Kauthar ta buɗe littafi ta fara rubutu tana bayani, ta sake ɗauko mol ɗin nan. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ina gyaɗa kai, amma maganar tana wucewa ta saman kaina kamar jirgi. Ta ɗago ta kalle ni, karo na farko tun zuwanta.

"Ba ka gane ba."

"Ban gane ba."

Ta ajiye biro. A lokacin wata tirela ta shanu tana wucewa za ta shiga kara, kasuwar dabbobi, sai da muka jira ƙararta ta lafa. Ta bi ta da kallo, sannan ta ce, "To. A ce kowace saniya sai an haɗa ta da rago ɗaya. Ɗaya da ɗaya, ba ƙari ba ragi. Saniya kilo ɗari uku da ashirin, rago kilo arba'in. Ban ba ka damar ƙirga su ba, sikeli kawai na ba ka. In shanun sun yi wani nauyi, ragunan nawa za su yi?"

Wannan kam na sani, kawuna dillalin dabbobi ne. Na ce, "Saniya ɗaya ta yi rago takwas a nauyi. Sai a raba nauyin shanun gida takwas."

"Shi ke nan. Asid ne saniya, kostik ne rago. Kowace ƙwayar asid ƙwayar kostik ɗaya take nema, amma ta ninka ta takwas a nauyi. In raguna suka yi yawa, waɗanda ba su sami saniya ba su ne suke yawo a cikin sabulu suna cin hannun mutane."

Madam ta ce, "Da tun jiya kika kawo shanu ai da an wuce wurin. Wannan yarinya ta fi ka kai, Maliki, ka riƙe ta da kyau."

Muka auna lita ɗaya na asid, ya ba da giram dubu ɗaya da hamsin. Lita huɗu ke nan dubu huɗu da ɗari biyu. Kauthar ta miƙo mini biro ta ce in raba takwas. Na daɗe. Na yi a gefen takarda da 'yan sanduna, na goge, na sake. Ɗari biyar da ashirin da biyar. Abin da ya kamata in zuba ke nan. Tsohon gwangwani huɗu yana ba da ɗari biyar da ashirin, kun ga Madam tana kan daidai duk shekarun nan ba tare da ta sani ba. Sabon gwangwani huɗu kuwa ɗari bakwai da arba'in. Na zarce da ɗari biyu da sha biyar.

"Zubar da shi za a yi?" na tambaya.

"A'a. Ragunan da suka yi saura za mu nemo wa shanu. Ɗari biyu da sha biyar sau takwas."

Dubu ɗaya da ɗari bakwai da ashirin. Asid ɗin da za a ƙara ke nan. Ta ce amma kada a zuba duka a tashi ɗaya, tunda Mami ta yi amfani da wani, kuma kayan kasuwa ba sa zama cif yadda littafi ya ce. A zuba mafi yawa, a juya, a gwada, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Wato sai an juye kwalba ɗari biyu a duro. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya da hannuna. Sabulu mai kauri ba ya fita da sauri, sai ka kifa ka jira. Sannan a ɗauraye kowace kwalba a kife ta ta bushe, ana kaffa-kaffa da sitika, duk da haka sai da goma sha bakwai suka jiƙe suka yamutse. Madam tana ɗauraya, Kauthar ta naɗe hannun riga tana jerawa a rana. Can na matsa kusa da ita na ce, "Maganar da na rubuta a kan fatar Mami..."

"Na goge ta," ta ce. "Kada ka sa in tuna."

Bayan azahar muka fara ƙara asid. Ina juyawa da muciya, tana tsoma takarda. Shuɗi. A ƙara. Shuɗi mai haske. A ƙara kaɗan, a jira. Kafaɗata kamar za ta cire. Sai wajen la'asar takardar ta fito kore, irin koren ganyen zogale. Ta sake gwadawa daga ƙasan duro, kore. Na cire safa na zuba a tafin hannu na wanke har gwiwar hannu, na bar kumfar ta daɗe a jiki. Ba zafi. Madam ta murza nata ta ce, "Yanzu ya zama sabulu."

Da za ta tafi Kauthar ta cika kwalba ɗaya ta ɗauka, da ragowar takardar gwajin. Ta ce Mami ba za ta saurari kowa ba yanzu, amma Abba yana jin maganar lamba, za ta nuna masa. Na ce ta gaya masa ina neman afuwa. Ta ce in bar mata. Ni kuma na kama sake ɗurawa a kwalabe, sai hantsin Alhamis na gama.

Alhamis da rana saƙo ya shigo: "Abba ya ce ka zo bayan la'asar."

Na sake wanke shaddar nan na goge. Na ɗauko shatar mota na loda kwalayen, ko za a karɓa ko ba za a karɓa ba. A bakin get na kashe wayata, don kada ta yi ƙara a gaban manya.

Gidan cike da mata, ƙamshin turaren wuta da na lalle, kowa hannu a sama yana jira ya bushe. Aka bi da ni ta gefe zuwa wani ɗan falo. Mami tana zaune a ciki, ta sha leshi, hannayenta a kan cinya a buɗe, sun sha mai suna ƙyalli, fatar ta yi dabbare-dabbare. Na durƙusa na gaishe ta. Na ce laifina ne, ban gwada ba kafin in kawo, ta yafe mini.

Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Gobe in ana ɗaukar hoto sai in sa su cikin mayafi." Ta tashi ta fita.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai ga Abba, Alhaji Nuraddeen, dogo, cikin jallabiya fara, da tabarau a hannu. Wannan ne karo na farko da muka zauna wuri ɗaya. Ya ce in hau kujera, na ce nan ƙasa ya yi. Kwalbar tana kan tebur, da takardar gwaji kore a gefenta.

"Na gwada da kaina," ya ce. "Ya yi daidai. Kuskure kowa yana yi, abin da nake dubawa shi ne me mutum ya yi bayan kuskuren. Kauthar ta ce kai ka gano matsalar gwangwanin, kai ka yi lissafin gyaran, ita takarda kawai ta kai maka. Na yi mamaki, don an ce mini karatunka bai yi nisa ba."

Nan na gane abin da ta faɗa masa don ni. Ya turo mini takarda da biro.

"A ce asid ɗinka kilo shida ne, ka zuba kostik giram ɗari tara. Ya ake ciki?"

Na ɗauki biron na yi. Tun daren Laraba nake ta maimaita irin wannan a bayan kwali. Dubu shida a raba takwas, ɗari bakwai da hamsin. An zarce da ɗari da hamsin. Sau takwas, dubu ɗaya da ɗari biyu na asid za a ƙara, kuma ba a tashi ɗaya ba, ana yi ana gwadawa. Ya sa tabarau ya duba. Ya tambaye ni me ya sa takwas, na faɗa masa. Ya yi 'yar dariya, ya gyaɗa kai.

"To, ashe da gaske take. Na yi zaton son kai ne ya sa ta faɗa. Bayan biki, ranar Lahadi ta sama, ka zo mu yi maganar manyanka. Mahaifiyarta ni zan yi mata bayani."

Jama'a, abin da na yi shekara da wata biyar ina jira ke nan. An ba ni a hannu. Abin da ya rage in ce na gode in tashi. Har na buɗe baki. Amma na kalli takardar nan, na ga kamar kayan wani ne na sa a jikina na zo neman aure da su. Mutumin nan zai ba ni 'yarsa a kan abin da ban yi ba, kuma kullum in na gaishe shi zai riƙa kallona da shi.

Na ce, "Abba, ka yi haƙuri. Ba ni na gano ba. Ni har musu na yi da ita. Ita ta kawo sikeli, ita ta gano, ita ta koya mini wannan lissafin jiya. Kafin jiya ban san kostik yana da nauyin da ake aunawa ba."

Ya cire tabarau a hankali. Ya daɗe yana goge shi da bakin jallabiya. Ana ta guɗa a can cikin gida.

"Na gode da ka faɗa," ya ce. "Sabulun a sauke, za a raba. Amma maganar Lahadi, a dakata tukuna. Sau biyu na tambaye ta, ta kalli idona ta maimaita. Yarinyar nan tun tana ƙarama ko kofi ta fasa ita take zuwa ta faɗa kafin a tambaya. Ina so in san me ya canza, kuma tun yaushe."

"Abba, don ni ta yi. Ni za a..."

"Na san don kai ta yi. Shi ne abin da ya dame ni. Ka gaida gida."

Na sauke kwalayen ni kaɗai na jera a rumfar mota. Ina ajiye na ƙarshe na ji muryarsa daga ciki yana cewa a kira masa Kauthar.

Sai da na fita get na kunna waya. Saƙo biyu suka shigo a jere. Na farko tun ƙarfe huɗu da minti goma ta turo shi, lokacin ina durƙushe gaban Mami: "Na ce wa Abba kai ka gano komai. Don Allah kada ka musa. Shi kaɗai zai sa ya tsaya maka wurin Mami. Ka iya lissafin ai, na ga ka iya."

Na biyu kuma yanzu-yanzu: "Abba yana kirana. Ya kuka yi? In shiga da dariya?"

Na tsaya a bakin titi, mai shatar yana ta yi mini hon. Na rubuta "Na faɗa masa gaskiya," na goge. Na rubuta "Ki yafe mini," na goge. Ina cikin neman kalmar da za ta isa gare ta kafin ta kai ƙofar falon, sai na uku ya shigo.

"Shirunka ya yi yawa. Na shiga."